Kalmar da Rifkatu Ta Ƙi Faɗa

Sunana Yohanna. Malamin firamare ne ni a da, a wani ƙauye tsakanin Gubuchi da Ikara, kafin sojoji su rage ma'aikata a sallame ni tare da wasu. Faston ikilisiyarmu ya daɗe yana roƙona in rubuta yadda jinyar matata Rifkatu ta kasance, ko wani ya ji ya kai nasa mara lafiyan asibiti da wuri. Na yi ta ja da baya, domin labarin bai fito da ni da kyau ba. Amma yau shekara uku da rasuwarta, kuma na lura na fara gyara labarin a raina. Gara in rubuta shi tun yana nan yadda yake.

Mu duka biyu 'ya'yan Maguzawa ne. Iyayena sun karɓi bishara tun ina ƙarami. Ita kuwa ita kaɗai ce mai bi a gidansu, ta yi baftisma tana budurwa. Mahaifinta ya rasu tun ba ta yi wayo ba, ƙanensa Baffa Nomau ne ya riƙe ta a gidansu na wajen Kudan, kuma shi ne mai kula da tsafin gidan. Bai hana ta bin Almasihu ba, amma bai so ba. Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, Hannatu da Dauda.

Dauda yana da wata bakwai lokacin da abin ya fara. Wani ƙullutu ne ya fito mata a nonon hagu, ta ɗauka ruwan nono ne ya taru. Wata biyu cur tana ɓoye mini, domin lokacin ne aka sallame ni daga aiki, ta ga ina yini a ƙofar gida na zabga tagumi, ba ta so ta ƙara mini. Ni kuma ban tambaya ba. Na ga ta daina ba yaron wannan ɓangaren, na ga tana daka da hannu ɗaya, ban ce komai ba. Sai wata safiya, bayan mun gama shuka, ta ɗaga taɓarya ta kasa, ta zauna a bakin turmi tana haki. Ranar ta nuna mini. Wurin ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, fatar ta yamutse, kan nonon ya shige ciki.

Sati biyun farko muka ɓatar a kan shawarar mutane. Wata ta ce a gasa da ruwan zafi, wata ta ce man kaɗanya da toka, wata ta kawo saiwar da ta ce ta warkar da 'yar'uwarta. Wani mai kemis a Maƙarfi ya yi mata allura kwana biyar a jere, ya ce ƙurji ne zai fashe. Bai fashe ba. A sati na uku muka je asibitin gwamnati mafi kusa da mu. Babu magani ko ƙwaya a kantar, amma mun sami ma'aikacin lafiya mutumin kirki. Ya taɓa wurin, ya taɓa hammatarta, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce Zariya, kada mu tsaya gida.

Wanda bai yi jinya a waɗannan shekarun ba ba zai gane ba. Komai layi ne, sabulu layi, kananzir layi, kuma soja yana tsaye da bulala yana gyara layin. A asibitin da muka je a Zariya, yankan kati kawai ya ci mana yini guda. Kwana uku muka yi a baranda kafin mu ga likita. Suka yanki ɗan nama daga wurin suka ce mu dawo bayan sati uku. Da muka koma, likitan, wani saurayi mai sanyin murya, ya ce Rifkatu ta jira a waje. Ta ce a'a, jikinta ne, a faɗa a gabanta.

Ya ce, "Kansa ce, abin da kuke kira daji. Kun makara, amma za mu yi abin da za mu iya."

Wannan "kun makara" har yau tana kunnena.

Aka ce za a cire nonon. Aka miƙo mini takarda mai tsawo ta abin da zan sayo daga waje: auduga, bandeji, safar hannu, ruwan da ake ƙarawa, har zaren ɗinki. Na sayar da kekena, na sayar da san huɗa ɗaya. Jini kuwa, dattawan ikilisiya biyu suka bayar, na uku maƙwabcina ne Malam Isa, Musulmi, wanda ya bar noman gonarsa ya biyo mu ba tare da na roƙe shi ba. Ba zan manta masa ba. Sau biyu ana sa ranar aikin ana ɗagawa. Na farko babu wuta kuma babu man janareta, an riga an hana ta abinci tun jiya. Na biyu likitoci sun shiga yajin aiki, aka sallami duk wanda zai iya tafiya. Muka koma gida sati huɗu muna kallon abin yana girma. Akwai nas da ta taɓa yi mata tsawa don ta yi amai a ƙasa, akwai kuma wata 'yar kudancin Kaduna da ke kawo mata kunu daga gidanta. Dukansu ina tuna su.

A ƙarshe aka yi aikin. Dole aka yaye Dauda ba shiri, ƙanwata Saratu ta ɗauke shi. Da muka dawo gida, mun sami sati biyar masu daɗi. Masara ta fitar da gemu, Rifkatu tana fitowa tsakar gida tana tsince wake, har ta koma waƙa da matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiyarmu, ranar Lahadi. Na yi shaidar godiya a gaban ikilisiya, na ce Ubangiji ya warkar.

A sati na shida ɗinkin ya buɗe daga gefe. Ƙananan ƙulli suka fito a kewayen tabon, hannun hagu ya kumbura har ba ya lanƙwasuwa, sannan ciwon baya ya zo wanda ba ya barinta ta kwanta ko ta zauna. Muka koma Zariya. Likitan nan bai ja magana ba, ya ce ya bazu. Ya ce akwai na'urar da ake gasa wurin da ita, amma sai Legas, kuma a gaskiya ba ya ganin wahalar tafiyar za ta amfane ta. Ya rubuta ƙwayar rage zafi. Na zaga kemis shida kafin in samu, ita ma ta kwana goma ce kawai.

Daga nan duhu ya sauko mana. Gyambon ya faɗaɗa, yana ruwa, yana wari. Safe da yamma nake wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, in shafa zuma, in rufe da tsohon zanen da na dafa, domin bandeji ya fi ƙarfina. Masu zuwa gaisuwa suka fara tsayawa daga bakin ƙofa. Hannatu, mai shekara biyar, ta daina shiga ɗakin. Kada wani ya ɗauka Rifkatu ta karɓi abin da murmushi. Ta juya fuska ga bango. Matan zumunta suka zo yin addu'a ta ce su tafi, kanta yana ciwo. Fasto ya zo, ta ce masa ya tambayar mata Allah laifin da ta yi, tun da ita ta bar gidan ubanta saboda shi. Fasto ya sunkuyar da kai.

Ana cikin haka Baffa Nomau ya zo. Tsoho ne, amma da ƙafa ya yi rabin tafiyar, da mazarƙwaila a ƙunshe don jikokinsa. Shi bai tsaya a ƙofa ba. Ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, ya buɗe zanen ya duba, ya yi kuka kamar mace. Bayan ya fito ya ja ni bayan rumbu. Ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iskokin gidansu ne suka yi fushi, tun ranar da ta shiga ruwan baftisma ta juya masu baya. Ya ce an taɓa yin irinsa a gidan kuma an warke. Abin da ake so kaɗan ne: a kawo ta gida, a yanka baƙin bunsuru, a shafa mata jinin, ita kuma ta faɗa da bakinta cewa ta dawo, ta bar wancan addinin. Ya ce ba ya ƙin addinina, 'yarsa kawai yake so.

Na ba shi amsar da ta dace da dattijon ikilisiya, na ce mu ba ma yin haka. Amma maganar ta bi ni gona, ta bi ni rijiya. Ƙwayar ta ƙare. Na ji matata tana cizon filo don kada yara su ji ihunta. Ranar kasuwar Maƙarfi na ce mata zan je neman magani. Na sayar da buhun tsohuwar dawa, na sayi baƙin bunsuru, na ɗaure shi a motar da ke zuwa Kudan, ina waige kada wani ɗan ikilisiya ya gan ni. Na roƙi Baffa ya yanka a madadinta, ba sai ta sani ba. Ya girgiza kai ya ce ba a yi wa wani wannan, sai bakinta ya faɗa.

A nan dole in faɗi wani abu. Shekaru ina koyar da aji a majami'a ranar Lahadi da yamma. Ina da wani tsohon ɗan littafi mai labarin masu bi na farko, waɗanda aka tsananta wa a zamanin sarakunan Roma. Na iya ba da labarin nan ƙwarai. Nakan faɗi yadda ake kawo su gaban mahukunta a ce su zuba ɗan turare a wuta su gaida gunki, shi ke nan su koma gida, da yadda suka ƙi, har da mata masu goyo, aka jefa su ga namun daji suna waƙa. Nakan ɗaga murya, mata su share hawaye. Rifkatu ba ta iya karatu sosai ba, daga bakina ta ji su duka.

Washegarin zuwana Kudan da hantsi, bayan na gama wanke mata gyambon, na zauna na gaya mata abin da na yi. Na ce ta faɗa da baki kawai, Allah ya san zuciyarta. Na ce in ta warke sai mu tuba tare, ni zan ɗauki zunubin. Ta dube ni.

Ta ce, "Baban Hannatu, matan nan da kake ba mu labari, ba su ma baki kawai aka ce su buɗe ba?"

Na ce wannan daban ne, su mutane ne suka tsananta masu, ita kuwa ciwo ne.

Ta ce, "Su ma suna da yara. Kai ka faɗa mana. Ko ƙarya ka yi mana?"

Sai na faɗi maganar da nake kunya har gobe. Na ce labari ne na karanta a littafi, ban san su ba, ita na sani. Na ce ta duba Dauda da ko tafiya bai fara ba. Na ce idan ta ƙi, to ta zaɓi ta mutu ta bar ni da marayu da gangan.

Ta yi kuka sosai, kukan yana taɓa mata ciwon. Da ta lafa ta ce mini ita ma ta yi tunanin abin tun ranar da Baffa ya zo, domin ta san abin da ya kawo shi, a gidan ta tashi. Ta ce tana son rai fiye da yadda nake tsammani.

Ta ce, "Ba tsoron kada ya ƙi aiki nake ji ba. Tsoron kada ya yi aiki nake ji. In tashi, in yi shekara talatin, kullum na san da me na saya."

Na fita na bar ta. Kwana huɗu ina wanke ta, ina ba ta kunu, ina juya ta, ban yi mata magana ba in ban da abin da ya zama dole. Mai jinya yana iya yin mugunta da shiru, kuma na yi.

A rana ta biyar ta ce in kira mata fasto, tana son jibin Ubangiji, a kawo mata yaran kuma. Saratu ta kawo Dauda. Yaron ya manta da ita, ya ƙanƙame Saratu yana kuka, ya ƙi zuwa. Na ɗauka wannan zai karya ta. Ta miƙa hannun dama ta taɓa ƙafarsa kawai. Bayan ta karɓi gurasa da ƙoƙon, ta ce ita za ta yi addu'a. Ba ta roƙi warkarwa ba. Ta ce wa Yesu ta gaji da riƙe abin da ba ta da ƙarfin riƙewa. Ta ambaci Hannatu ta ce ga ta, ta ambaci Dauda ta ce ga shi, ta ambace ni, sannan ta ce ga jikin nan ma da ya lalace, in yana so ya karɓa, ba ta da wani. Ta ce ba ta gane dalilinsa ba, kuma ta daina jira sai ta gane.

Ba zan ce ciwon ya ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Amma wani abu ya sauka daga kanta. Ta daina juya fuska ga bango. Ta ce a buɗe taga, a bar matan zumunta su shigo, masu iya jure warin. Ta raba zannuwanta, ta gaya wa Saratu abincin da ke ɓata wa Hannatu ciki. Ta aika a kira Baffa Nomau. Da ya zo ta gode masa da riƙon da ya yi mata, ta roƙi gafararsa don ta ƙi maganarsa, ta ce ta san ƙauna ce ta kawo shi. Tsohon ya ce tun tana yarinya in ta ce a'a ba a juya ta. Ya zauna wurinta har la'asar yana kore mata ƙuda.

Ni ma ta yafe mini tun ban roƙa ba, abin da ya fi mini zafi ke nan. Takan ce in sake ba ta labarin matan nan. Sai in fara, in kasa kaiwa ƙarshe, ita ta ƙarasa mini. Wata rana ta ce ita tana ganin su ma sun ji tsoro, masu rubutun ne ba su faɗa ba.

Sati ukun ƙarshe ba na son tuna su. Ƙafafunta suka mutu, numfashi ya yi wuya, kunu ma sai da cokali. Malam Isa ya samo mana 'yan ƙwayoyi ta hannun wani direba, muna raba kowace biyu don su kai. Wani lokaci zafin yakan fi ƙarfinta ta yi ihu, in ya lafa ta ce, "Na riga na bayar," kamar mai tuna wa kanta. Ta rasu lokacin da ake karyar masara, da rana tsaka, ina riƙe da kanta. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne in ba ta ruwa. Kafin in kai mata kofin baki ta tafi.

A wurin jana'iza mutane suka yi ta yabon bangaskiyarmu, mu biyu. Babu wanda ya san zancen bunsurun sai ni da Baffa. Na daina koyar da aji, daga baya na daina zuwa majami'a. Ina fushi da asibiti, da sojoji, da mai kemis, da kaina don ban tambaye ta da wuri ba, da ita don ta ɓoye kuma don ta ƙi, da Allah fiye da kowa. Salamar da ta samu ni ban samu ba. Kusan shekara na yi haka. Abin da ya juya ni ba wa'azi ba ne. Ina cikin gona ni kaɗai ina huɗa da fartanya, tun da na sayar da san huɗa, sai ƙarfina ya ƙare, na zauna a kan kunya na ce wa Ubangiji ban yarda da abin da ya yi ba, amma na gaji da faɗa da shi, ga ni. Ban ji komai ba. Na tashi na ƙarasa kunyar. Lahadin da ta biyo na je majami'a, na tsaya a gaban jama'a na faɗi zancen bunsurun. Tun daga nan nauyin yakan sauka wata rana, wata rana ya dawo.

Ga abin da zan ce wa mai karatu. Mace, in kin ji ƙulli a nono, kada ki jira, kada ki tausaya wa aljihun mijinki, jinkirin ya fi tsada. Namiji, in ka ga matarka ta canja yadda take aiki, ka tambaye ta. Ku wuce mai kemis da masu saiwa ku tafi inda za a duba. Kuma mai tsayawa gaban mutane yana ba da labarin shahidai, ya sassauta murya.

Watan jiya fasto ya aike ni Paki in gaida wani ɗan'uwa da matarsa ke kwance da irin wannan ciwon, ya ce ni zan fi sanin abin faɗa. A hanya na shirya maganganu da yawa. Na tarar da mutumin a ƙofar ɗaki, idanunsa sun faɗa. Muka gaisa. Can ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka ga irinsa. Za ta tashi?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan daga wani. Na ja kujera kusa da tasa, na ce ya shiga wurinta, ni zan tsare ƙofa in amsa wa masu gaisuwa.